Tallan Google: in ci gaba da saita farashi da hannu ko in bar wa manhaja?

Ɗan Fagge a Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min, kaina ya kulle. Ina aiki a wani ofishin kago nan Jidda wajen Bab Sharif, muna tura kayan mutane Kano da Yamai da Injamena, abaya, dabino, darduma da sauransu. Asali awo da ɗaurin kwali aka ɗauke ni, to da mudir ya ga ina ɗan taɓa kwamfuta sai ya ɗora min tallan Google Ads ba ƙarin albashi ba komai, kuma ɗan yayarsa da ke riƙe da shi a da ya koma makaranta bai bar min ko takarda ɗaya ba. Riyal 50 ake warewa a rana. Manual CPC nake yi, wato ni nake rubuta iya abin da za mu biya kan kowace kalmar bincike in an danna tallanmu, in na ga mun sauka ƙasa in ƙara halala kaɗan, da dare in rage, wallahi ina ɗaure kwali hannu duk salatif ina duba waya. Yanzu wani ya zo yana tallata mana manhajar da ake biya duk wata, wai ita za ta riƙa hawa da sauka da farashin, mudir ya ce ni zan yanke amma in kuɗi ya ƙone ni zan amsa. Ga azumi na matsowa, lokacin da kaya ke fin yawa. In karɓa ko in ci gaba da hannu?

Abu Safwan, Riyad:
Wa alaikumus salam. Kar ka biya ko sisi ƙanena. Google ɗin kansa yana da na otomatik a ciki ba ƙarin kuɗi, akwai Maximize Conversions mai nemo maka iya cinikin da kuɗinka zai iya, akwai Target CPA da kai za ka faɗi nawa kake son kashewa kan kowane ciniki. Duk sanda mutum ya rubuta abu a bincike gwanjo ake yi nan take, injin yana duba irin wayarsa, inda yake, lokaci da yaren da yake amfani da shi kafin ya sa farashi, kai da kwali a hannu ta ina za ka bi wannan? Zamanin hannu ya wuce, ko Enhanced CPC da ke tsakanin hannu da otomatik an cire shi a 2025. Amma ba ka faɗa mana ba, me kake ƙirgawa a matsayin ciniki?

Ɗan Fagge a Jidda:
Kiran waya da WhatsApp ne, wasu kuma kawai ka gan su a ƙofa da jaka. Ba wani abu da aka haɗa da ke ƙirgawa, amma ni ina ganewa, in tallan na sama waya ba ta hutawa.

Abu Safwan, Riyad:
To ganewarka injin ba ya ganin ta. Sai ka sa danna maɓallin WhatsApp da na kira su zama abin ƙirge, in ba haka ba ko wacce manhaja ka saya makauniya ce. Ka ba shi kamar sati yana koyo kar ka taɓa komai. Shi kenan magana ta ƙare.

Maman Iman, Makka:
Hmm ni dai ku bar ni da masu tallan nan. Wani kamfani na ba wa tallan abayoyina suka riƙa turo min hotunan lissafi masu kyau, kilik kaza kilik kaza, ko mayafi ɗaya ban sayar ba, da na yi magana suka daina ɗaukar wayata. Mutanenmu fa Snapchat da TikTok suke. Kuma ku masu kago ku ji tsoron Allah da turaren mutane, kwalba nawa aka fasa min.

Tijjani Mai Dabino, Madina:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Malam Abu ban yarda da kai ba gaskiya. Riyal 50 a rana ciniki nawa za ta tara? Google da kansu suna cewa a samu kamar 30 a wata kafin a auna Target CPA da kyau. Ɗan'uwa ka zauna a hannu, amma ka daina wahalar da kanka da dare. Shiga inda ake nuna ainihin abin da mutane suka rubuta, za ka tarar da masu neman aikin kago da masu bibiyar kayan wani kamfanin daban suna cinye maka kuɗi, ka toshe kalmomin nan. Kuma ka gaya wa mudir tun yanzu, 50 ɗin na iya zama 100 a rana ɗaya, sai dai a wata ba za a caje ku sama da 1,520 ba, kar ya gani ya ce kai ne.

Abu Safwan, Riyad:
Toshe kalmomi ai ko a otomatik dole ne, ba hujja ba ce. In tsoron ƙonewar kuɗi ne, Ɗan Fagge ya kunna Maximize Clicks, mai nemo yawan masu danna talla, ya ɗaura masa iyakar farashi. Na riƙe akawun ɗin da ya ninka nasa nesa ba kusa ba, na san abin da nake faɗa.

Ɗan Fagge a Jidda:
Na gode duka. Amma rage farashi da dare ba banza nake yi ba, wa zai amsa WhatsApp ƙarfe biyu? Kuma shafin ofis ba ni da lambar sirrinsa balle in sa abin ƙirge, tana wajen yaron. Sati guda na koyo kuma mudir ba zai jira ba, kullum sai ya tambaya. Mai manhajar ma ya ce tasu ta fi ta Google.

Tijjani Mai Dabino, Madina:
Ai a azumi ma da daren ake ciniki, bayan tarawihi har sahur. Nawa ya ce kuɗin manhajar a wata?

Maman Iman, Makka:
Ɗan Fagge nawa kuke kilo zuwa Kano yanzu, ta jirgin sama?