Wace kalma za mu ba "lameness" a tafiyar kare?

Jama'a, ku zo mu haɗa kai. An ba ni takardar wani likitan dabbobi in mayar da ita Hausa don masu karnukan farauta da na gadi, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: "lameness". Da farko gurguntaka na rubuta, na dawo na goge. Gurgu a wurinmu wanda abin ya riga ya zauna masa ne, ba a sa ran ƙafar ta dawo. Karen da ya taka ƙaya jiya da yamma kuwa ba gurgu ba ne.

Wani ɗan'uwa ya ce mini ai ɗingishi ne, me na wahalar da kai. Gaskiyarsa. Amma inda gizo ke saƙar shi ne, mu ba ma cewa dabba tana ɗingishi sai abin ya fito fili har yaro ya gani. Su kuwa likitoci da yawansu awo suke yi daga 0 zuwa 5, kuma a matakin farko in kare yana tafiya a hankali da wuya ka ga komai. Sai an sa shi sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya je ya dawo, kana tsugune kana kallo.

Haka na gani a kan karen kawuna, wani ja mai dogayen ƙafafu da ake fita daji da shi. Ba ya kuka, ba ya ƙin tuwo. Kansa ne kawai yake yin sama duk lokacin da ƙafar gaba ta hagu ta taɓa ƙasa, in ta dama ta sauka sai kan ya yi ƙasa. Kawu ya rantse ta daman ce ke ciwo, tunda a kanta yake sunkuyawa. Ashe akasin haka ne. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare, don haka yake cira kai ya rage wa mai ciwon kaya, ya jibge shi a kan lafiyayyar. Da aka buɗe tsakanin yatsun hagun, ƙarangiya ce ta nutse har wurin ya fara ruwa.

An kawo shawarar tangaɗi. Wannan kam ban yarda ba sam, kuma ba gardamar nahawu ba ce. Kare mai tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu, ko mai jan ƙafafun baya har faratansa suna gogar ƙasa, sau da yawa matsalarsa a laka take ko ƙwaƙwalwa. Ciwon haukan kare ma yakan zo da shanyewar ƙafafun baya. In muka cakuɗa kalmomin, wata rana wani zai kai hannu yana neman ƙaya a ƙafar karen da bai kamata a kusance shi ba.

To ga inda na tsaya, ku gyara mini. Uwar kalmar ta zama ɗingishi, sai mu ba ta 'ya'ya. Wanda ba a gani sai a sassarfa, ɓoyayyen ɗingishi. In kare yana tsaye yana taɓa ƙasa da kan yatsu kawai bai sakar wa ƙafar nauyi ba, mu ce yana ɗosana ƙafa. An fi ganin haka in jijiyar cikin gwiwar baya ta tsinke, kuma irin wannan karen in zai zauna sai ya turo ƙafar gefe. In ya ɗage ta gaba ɗaya yana tafiya da uku, ya rataye ƙafa. Af, a takardar har da gargaɗin kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna yi wa kare gyambo a ciki su taɓa ƙodarsa.

Saura guda ɗaya da ta gagare ni. Manyan karnuka irin su German Shepherd da Rottweiler masu matsalar ƙugu, in suna gudu sai su haɗa ƙafafun baya biyu su cilla lokaci guda. Na rubuta "tsallen zomo" da fensir. Mafarauta, ku da kuke bin karnuka a baya kullum, me kuke ce masa?