Abin da aka tsayar kan harkar fim a Maraɗi

Jama'a, maganar da aka yi kan matsalolin shirya fim da mafitarsu ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda labari ne gaba. A rubuta shi tsaf kafin a hayo kyamara, don kuɗin haya kullum tafiya yake, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba.

2. Sauti. Nan aka fi kuka. Ana tsakiyar ɗauka sai ƙarar kabu-kabu ko injin markaɗe ta shigo, aikin yini ya lalace. Shawara: a fita da sassafe, a sayi makirfo mai kyau.

3. Kasuwar faifai ta mutu, babu mai musu. Yanzu masu tura fim a waya ke cin riba, furodusa na hamma.

4. An rabu kan mafita. Wasu sun ce YouTube, kashi-kashi duk mako. Wasu sun ce a fara haskawa a zaure da tikiti.

5. Ɗauko jarumi daga Kano ma an ja. Yana jawo 'yan kallo, amma kuɗinsa da naira, ga masauki. Ni dai na fi karkata ga yaranmu na gida.

6. A yi rajistar aiki a BNDA, wato hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Nijar, a rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwanka ne.