Ajin matasa ya gagare ni, me kuka gwada ya yi aiki?

Malamar Makarantar Lahadi, Kafanchan:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Shawara nake nema. Tun watan Janairu aka ɗora mini ajin matasa a ikilisiyarmu, 'yan shekara 13 zuwa 17. A rubuce su 26 ne, masu zuwa kuwa da kyar su kai 15. In na ce a buɗe Ibraniyawa, sai ka ga wani yana lalube a Tsohon Alkawari. Ayar haddacewa suna kawo ta tsaf, amma da na tambayi ma'anarta sai kowa ya sunkuyar da kai kamar ruwa ya cinye su. Na gwada raba biskit, ranar da biskit ya ƙare rabin ajin ya ƙare. Don Allah wanda ya taɓa riƙe irin wannan aji ya taimake ni da abin da ya gwada da hannunsa.

Dattijo, Wusasa:
Sannu da aiki 'yata. Kafin a ba ki magani bari a san ciwon. Da wane harshe kuke karatun, kuma wane juyi ne a hannunsu?

Malamar Makarantar Lahadi, Kafanchan:
Baba, gauraye ne. Sujadarmu ta safe da Hausa ake yi, don haka da Hausa nake koyarwa. Wasu suna zuwa da Littafin iyayensu na Hausa, wasu da ƙaramin Sabon Alkawari na Turanci da aka raba musu a makaranta, uku ko huɗu kuma da King James.

Dattijo, Wusasa:
To ga ciwon nan. Yaran nan suna jin Hausa da kunne, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu karanta ta. Makaranta da Turanci suka yi, a gida wataƙila Jju ko Tyap ake yi, Hausa ta kasuwa ce da ta coci. Sai ki miƙa wa yaro Littafi ki ce ya karanta a gaban 'yan mata, yana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, ana ƙunshe dariya. Gobe ba zai yarda ya buɗe ba. Turancin King James kuma na 1611 ne, Bature ma da kansa sai ya yi gumi. Yaron ya zama jemage, bai samu nan ba bai samu can ba.

Shawarata ki ware Lahadi biyu ko uku ba wa'azi, ba darasi, karatun Hausa kawai a allo. Ki rubuta "bata" da "ɓata", "kasa" da "ƙasa", "da" da "ɗa", "sarki" da "tsarki". Ni na sha jin babba da gemunsa ya hau bagade ya ce "Ruhu Mai Sarki", balle yaro. Mu a nan Wusasa da haka aka tashe mu. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke ya fito a 1932, Likita Miller, Baturen mishan, na cikin waɗanda suka sha wahalar aikin, kuma masu bishara na lokacin ba sa sa mutum a ruwan baftisma da gaggawa, ajin karatu yake fara shiga. Mun bar wannan al'ada muna mamakin abin da ya biyo baya.

Sakataren matasa, Bukuru:
Baba ya faɗi gaskiya, zan ƙara abu ɗaya kan juyi. Malama, ki tsayar da juyi ɗaya na aji. Mu mun sha rikici da wannan: wani Littafinsa ya ce Yahaya, na kusa da shi ya ce Yohanna; wani Wahayin Yahaya, wani Ru'uya ta Yohanna; nan Almasihu, can Kiristi. Har wata yarinya ta tambaye ni ko Mai Hadishi da Mai Wa'azi littattafai biyu ne. Juyin 1979 na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya shi ne a yawancin gidaje, Hausarsa mai daɗi ce amma akwai kalmomin da yaron Jos bai taɓa ji ba. Juyin Sabon Rai Don Kowa ya fi kusa da bakinsu. Dukansu suna cikin manhajar YouVersion kyauta, ana saukewa sau ɗaya a karanta ba data. Mu abin da muke yi, a karanta wurin da juyi ɗaya, in an maƙale a duba ɗayan, in har yanzu da duhu a leƙa na Turanci mai sauƙi.

Uwar Zumunta, Kaltungo:
Ɗana, waya a cikin majami'a? Ni dai ban yarda ba. Ka ce ya buɗe Zabura, shi yana can TikTok. Littafin takarda yana da kwarjini, yaro ya riƙe, ya ja layi, ya san inda Malakai ya ƙare Matiyu ya fara. Mu Zumuntar Mata a wurinmu mun yi karo-karo muka sayi guda 20 aka ajiye a akwatin coci, ana rabawa a aji ana karɓa bayan an tashi. Malama, ki kai kukanki wurin matan zumunta, ba a rasa su a irin wannan.

Sakataren matasa, Bukuru:
Mama, ban musa ba, takarda ta fi a cikin aji. Amma daga Litinin zuwa Asabar akwatin coci a kulle yake, wayar kuwa tana aljihunsa har banɗaki. Gara Maganar ta bi shi can.

Uwar Zumunta, Kaltungo:
To na ji. Amma a aji a tara wayoyin a faranti kamar baiko, in an tashi kowa ya ɗauki tasa.

Mai bishara, yankin Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu namu ya ɗan bambanta, yaranmu Hausa ce nononsu amma lakwal da Faransanci suke yi, wasu kuma ba su shiga aji ba sam. Abin da ya cece ni sauraro ne. Akwai Sabon Alkawari na Hausa da aka ɗauka da murya kamar wasan rediyo, kowane mai magana da muryarsa, ana samunsa a manhajar Bible.is. Na sa a katin memori, na sayi ƙaramar sifika mai cajin rana. Da dare bayan tuwo mu zauna a tabarma, a saurari sura ɗaya sau biyu, a kashe, sai in ce wa zai maimaita mana labarin da bakinsa? Wani ya fara, in ya tsallake wani abu sauran su yi masa caa. Daga nan tambaya uku kawai: me ka ji game da Allah, me ka ji game da mutum, me za ka yi da shi kafin mu sake haɗuwa. Yaron da bai san bihim ba a takarda yana ba ka labarin tunkiyar da ta ɓace da ɗan da ya ɓace na Luka 15 ba ya barin ko ƙwara. Mutanenmu mutanen tatsuniya ne, kunne ya riga ido.

Fasto, Zonkwa:
Malama, sannu da ɗawainiya. Ina so in tsaya a kan inda ake farawa, domin a nan muka fi yin kuskure. Kowace shekara muna ce wa matasa su karance Littafi daga Farawa zuwa ƙarshe, surori 1,189, sura uku ko huɗu a rana. Farawa ta tafi lafiya, Fitowa rabinta ta tafi lafiya, ana isa ƙera alfarwa da dokokin hadayu a Littafin Firistoci, wajen watan Fabrairu ke nan, an watse. Yaron ya ɗauka shi ne ba shi da ruhaniya, alhali mu ne muka ɗora masa buhun masara tun bai iya ɗaukar mudu ba.

Ki fara da Markus. Sura 16 ce, ba jerin sunayen kakanni, kusan kowane sakin layi wani abu yana faruwa, kuma duka-duka in za a karanta da murya a zama ɗaya wajen awa biyu ne. Sura ɗaya a mako, wata huɗu kun gama, yaro ya iya bugun ƙirji ya ce na karance littafi guda. Bayan shi Rut, sura huɗu, 'yan mata suna sonsa. Yunusa, sura huɗu, samari suna sonsa, amma ki kai su har sura ta huɗu inda annabin ya yi fushi don an yafe wa Nineba, kada ki tsaya a cikin kifi. Sai labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50. Duk yaron da ya tashi a gidan da ake da ɗan lele da 'yan uba, ba sai kin yi masa bayani ba.

Abu na biyu, ki rage magana. Mu masu wa'azi cutarmu ke nan. Bulus ma da ya ja zance har tsakar dare a Taruwasa, saurayi ya yi barci ya faɗo daga taga, ki duba Ayyukan Manzanni 20. In aji minti 45 ne, bakinki kada ya ci fiye da 15.

Tsohuwar 'yar FCS (ƙungiyar ɗalibai Kirista), Gindiri:
Fasto, na yarda da duka sai dai ina kare haddar aya kaɗan, kada a zubar da ita. A FCS muka koyi yawancin ayoyin da suke riƙe da mu yau, kuma ƙungiyar nan tun 1957 take wannan aiki a makarantun Arewa. Laifin shi ne aya ɗaya tsirara, an cire ta daga gidanta. A ba su yanki guda: Zabura 23 duka, aya shida ce, ko Zabura 121, aya takwas. A sa mata murya, 'yan kwaya su taimaka, a raba aji biyu wannan ɓangare ya ja wancan ya amsa. Abin da aka rera ba ya fita. Gasar tambayoyi kuma ban hana ba, amma na lura yara uku masu ƙwaƙwalwa ne suke lashe kofin kowace shekara, sauran sun zama 'yan kallo.

Malamin Brigade (ƙungiyar samarin coci), Biu:
Ni tawa gargaɗi ce. In kin buɗe ƙofar tambaya, ki shirya, ba duka ne na "ina Kayinu ya sami mata" ba. Yaran da nake riƙe da su, da yawa sun gudo daga ƙauyukansu ne, wasu ba uba. Ranar da muka karanta inda Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiyi a Matiyu 5, wani yaro ɗan shekara 15 ya miƙe ya ce, Malam, har wanda ya ƙona gidanmu? Na yi saurin ba shi amsar littafi, mako uku ban ƙara ganinsa ba. Da na bi shi gida, ban je da amsa ba, na buɗe masa Habakuk sura ta fari da Zabura 13, inda bayin Allah suke tambayar Ubangiji har yaushe. Ya karanta ya ce, ashe an yarda mutum ya faɗi haka? Shi ne ya dawo. Malama, in ba ki da amsa ki ce bari mu nema tare, kada ki rufe bakin yaro da "haka aka rubuta".

Haka kuma tambayoyin da abokansu Musulmi suke yi musu a makaranta, kan Ɗan Allah da kan ko an canza Littafi. Gara su fara jin su daga bakinki, ki koya musu amsawa da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta nuna, ba da faɗa ba. Maƙwabta ne, gobe tare za su zauna a benci ɗaya.

Sakataren matasa, Bukuru:
Ƙaramin abu amma ya ci mu: lokaci. Mun sa nazari Lahadi ƙarfe huɗu na yamma muna mamakin rashin samari, ashe duk suna gidan kallon ƙwallo, wasannin Ingila. Muka mayar Juma'a da yamma, suka dawo. Da damina kuma ki sassauta, gona ba ta jira, haka lokacin WAEC.

Uwar Zumunta, Kaltungo:
Ku ƙara da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, ku ba su labarin su yi wasan kwaikwayo da shi. Jikana da ba ya iya zama minti biyar, da aka ba shi ya fito a Zakka, sura 19 ta Luka sai da ya karanta ta ya fi sau goma, don kada ya ji kunya. A kan teburi ya hau a matsayin itacen ɓaure.

Malamar Makarantar Lahadi, Kafanchan:
Iyayena, na dawo da rahoto bayan mako biyar. Lahadi biyu mun yi karatun allo kamar yadda Baba ya ce, an sha dariya amma ba wanda aka yi wa ita shi kaɗai, har ni sun kama ni da "ƙ". Matan zumunta sun ba mu Littafi 12, biyu-biyu suke dubawa. Mun shiga Markus, muna saurara da sifika sannan mu karanta. Jiya mutum 19 suka zo. Muna sura ta biyu, inda mutum huɗu suka buɗe rufin gida a Kafarnahum suka zura shanyayye a gaban Yesu, sai wani yaro da bai taɓa buɗe baki ba tun Janairu ya ɗaga hannu ya ce, Anti, wa ya biya kuɗin gyaran rufin? Aji ya rabu biyu, wasu suka ce abokan, wasu suka ce wanda aka warkar tunda yanzu yana iya aiki. Na ce su duba Luka 5 ko ya faɗa, su kawo mini amsa.

Dattijo, Wusasa:
Luka ma bai faɗa ba 'yata, amma kada ki gaya musu, bar su su duba. Yaran naki kwano suka sani, shi ya sa abin ya ba su mamaki. Ki samo musu hoton soron ƙasa irin na cikin birnin Zariya, mai azara da daɓe a sama, su ga yadda mutum huɗu za su iya tsayawa a kai su haƙa. In ba ki samu ba ki faɗa mini, akwai ɗaya a bayan gidanmu, sai jikata ta ɗauka ta turo miki kafin Lahadi.