Abin da na tsinta kan dukan 'yan sakandare

Jiya mun sha hira da wasu iyaye da malamai, yawancinsu sun ce yaron da ake jibga a gida shi ne siniyan da ke sa juniya tsallen kwaɗo har ƙafa ta kumbura, to baba ya fara daina zagin mama gaban yara tukuna. Wata malama ta ce in yarinya ta ƙi komawa bodin bayan hutu ko tana ɓoye hannu cikin hijabi a ja ta gefe a tambaye ta, kar a ce iskanci ne. Firfet kam a ƙwace bulalarsu kawai, ni ma na yarda. In an fitar da jini a samu firinsifal, in ya share a tuna masa da dokar kare haƙƙin yara ta 2003.