Na samu bajo mai hoton maciji da rubutun HABU a Kasuwar Katako: na asali ne?

Mai Tara Bajo, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara tsofaffin bajo na surfani, irin waɗanda sojojin sama ke ɗinkawa a kafaɗa ko a ƙirji, kuma na fi karkata ga na rukunonin jiragen leƙen asiri. Kusan duk abin da na mallaka daga kayan gwanjo ya fito, domin sanyin Jos ya sa 'yan dila suna kawo rigunan sanyi da yawa, wasu da bajonsu a jiki. A makon jiya na sayi wata koriyar riga a Katako, a kafaɗarta akwai bajo mai hoton maciji da kalmar HABU. Da farko na ɗauka sunan mai rigar ne, wato Abubakar, sai dai ɗinkin bai yi kama da na telolinmu ba. Gefensa yana da kauri kamar an naɗe shi da zare, bayansa kuma yana ɗan sheƙi. Ina roƙon masu sani su faɗa mini asalinsa, da yadda zan gane ko na gaske ne, sannan ko ya dace in farke shi daga rigar in haɗa da sauran.

Dalibin Tarihi, Rayfield

Wa alaikumus salam, Malam. Wannan Habu ba namu ba ne. Sunan wani maciji ne mai dafi da ake samu a tsibirin Okinawa na ƙasar Japan. A shekarar 1968 Amurka ta kai jirginta na leƙen asiri SR-71 sansanin Kadena da ke tsibirin, mutanen wurin suka ga baƙin jirgi dogo mai siririn kai, suka kamanta shi da macijinsu, sunan kuma ya bi jirgin da matuƙansa har aka janye shi daga aiki a 1990. Gidan jirgin na ainihi shi ne sansanin Beale a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin Runduna ta 9 ta leƙen asiri.

Abin da ya ba bajon daraja shi ne ƙarancin waɗanda suka cancanci sanya shi. Jirage 32 kacal aka ƙera, kowanne yana ɗaukar mutum biyu, matuƙi da jami'in da ke kula da na'urorin ɗaukar hoto, kuma bisa al'adarsu sai wanda ya fita aikin leƙen asiri na gaske ake ba bajon. Jirgin yana gudun da ya ninka saurin sauti sau uku, yana tashi sama da ƙafa 80,000, kuma ba a taɓa harbo ko ɗaya ba, ko da yake 12 sun salwanta a haɗurra. Wannan shahara ce ta sa kwafin bajon ya cika duniya, ana sayar da shi a shagunan gidajen tarihi ga duk mai so. Saboda haka ina ba ka shawara ka fara da zaton cewa naka kwafi ne, har sai wata hujja ta nuna akasin haka.

Tela Mai Surfani, Titin Bauchi

Malam, ni ba masanin jirage ba ne, amma zare da allura sana'ata ce tun ina yaro, kuma a wannan harka bayan bajo ya fi gabansa faɗin gaskiya. Ka juya shi ka duba da kyau. Ɗinkin kwamfuta, wanda ya yaɗu daga shekarun 1980, yana fitowa daidai wa daida, kowane harafi kamar an buga shi da hatimi, kuma sau da yawa za ka tarar da farar takardar da ake shimfiɗawa a ƙasa ko leda da aka manna da zafi. Wanda tela ya sarrafa da hannunsa a kan keke kuwa, kamar waɗanda aka riƙa yi wa sojojin Amurka a ƙananan shaguna na Japan da Tailan, za ka ga harafi ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri, zaren ya taru a kwana, kamar yadda muke bambanta hular da aka ɗinka da hannu da ta inji.

Gefen nan mai kauri da ka ambata bai kore shi ba, domin irin wannan naɗi ya zama ruwan dare tun ƙarshen shekarun 1960, wato daidai lokacin da jirgin ya fara aiki. Sheƙin bayan ne ya fi sa ni shakka. Idan kana son sanin irin zaren, ka ciro ɗan siriri ɗaya ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi, zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule.

Baba Tsohon Soja, Bukuru

Ɗana, bayanin tela ya gamsar da ni, amma ban yarda da batun ashana ba. Zaren da ka ciro ba ya komawa, kuma a kan bajo na bayan 1968 gwajin ba zai raba gardama ba, tunda a lokacin an riga an fara amfani da zaren roba. Haka ita ma fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita: tana taimakawa a kan kayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda farin zarensu ba ya ƙyalli a ƙarƙashinta, amma duk rigar da ta sha wanki da garin sabulu na zamani za ta yi ƙyalli ko da tsohuwa ce.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka farke shi. Rigar ita ce shaidarsa. Ka duba cikin wuyanta ko aljihunta, domin rigunan sojan Amurka na gaske suna ɗauke da ƙyalle mai lambar kwangila, kuma shekarar da aka ba da kwangilar tana cikin lambar. Idan rigar ta kamfanin kayan ado ce, magana ta ƙare. Idan kuwa ta soja ce, ka ɗaga gefen bajon a hankali ka ga ko yadin da ke ƙarƙashinsa ya fi sauran duhu, alamar ya daɗe a wurin rana tana cin kewayensa. Na ga matasa da yawa sun raba bajo da rigarsa don su jera shi a faranti mai gilashi, daga nan babu wanda zai iya cewa daga ina ya fito, kuma wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.

Ka ajiye ta a akwati da kafur saboda asu, ka riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa lokacin damina. Kuma kada sanyi ya sa ka sanya ta ka fita, domin doka ta hana farar hula sanya kayan soja, kuma ka san yawan shingayen bincike da ke garin nan.

Mai Tara Bajo, Unguwar Rogo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba wuyan rigar kamar yadda kuka ce, na tarar da sunan kamfanin tufafi da umarnin wanki, babu lambar kwangila ko ɗaya, kuma yadin da ke ƙarƙashin bajon launinsa ɗaya da sauran. Na karɓi cewa kwafi ne. Zan bar shi a jikin rigar, in rubuta hakan a littafin da nake lissafa kayana. Akwai wani kuma da na saya bara, na rukuni na 39 na sojan saman Ingila, masu jirgin Canberra na ɗaukar hoto, kuma shi ne zan kai wa Malam Tela a Titin Bauchi ranar Asabar, in Allah ya kai mu, ya duba mini bayansa.