206 ɗina tana watsa baya a kwana, dirif ne ko gyara take nema?

Ɗan Tumfure:

Assalamu alaikum 'yan uwa masana mota. Ina da Peugeot 206 ƙaramar nan mai ƙofa biyar, 'yar Beljiyam ce amma ta sha hannu kafin ta zo wajena. Tun da damina ta sauka na lura in na shigo shataletale ko kwana mai ɗan kaifi da ɗan gudu, da zarar na ɗaga ƙafa daga totur sai in ji bayan motar ya tafi gefe yana neman wuce gaban, musamman inda ruwa ya kwaso yashi ya zuba kan kwalta, kun dai san yadda titunan Gombe suke komawa in an sha ruwa da dare. Abokina mai Golf 3 ya ce ai wannan shi ne dirif, wato wasan nan na tafiya da mota a karkace a kwana, wai tawa ta fi tasa iyawa tunda shi sai ya ja hambirki kafin ta juya, har yana ba ni shawara in sa shokazoba mai tauri a baya in ƙara wa tayoyin baya iska. Wani kuma ya ce mota mai jan gaba ba ta dirif sam. Ni kam na rikice. Sannan tayoyin bayan ta ciki kawai suke cinyewa, an yi alaimen bai canja komai ba, in na faɗa rami kuma ina jin wani ƙwas-ƙwas daga baya. Haka 206 take ko tawa ce ba lafiya?

Baba Makanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye maganar dirif tukuna. Ka samu fili mai daidai ka faka motar, ka koma bayanta taku goma ka tsuguna ka kalli tayoyin bayan nan biyu. In ka ga sun yi gwame, sama ya shige ciki ƙasa ya buɗe waje, to bim ɗinka ne, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya mutu, kuma daga bayanin da ka yi kam ba na ko shakka.

206 ba ta da sifirin mai murɗi a baya irin na Golf. Wani bututun ƙarfe ne kwance a tsakiya daga hagu zuwa dama, kowace taya tana kan hannunta da yake juyawa a bakin bututun, sai sandunan ƙarfe biyu da suke murɗewa in nauyi ya hau, su ne sifirin ɗin. Haka Faransawa suka yi wa 205 da 306, da 206 ta fito a 1998 ita ma suka ɗora mata, amfaninsa but ya samu fili tunda ba abin da ya tsaya a tsaye. Matsalar tana wajen da hannun yake juyawa, akwai wasu boris masu siraran allurai a ciki, sil ɗin roba ne kawai yake tare musu ruwa da ƙasa. In sil ya tsage ruwan damina ya shiga, yashi ya bi shi, giris ya wanke, alluran su yi tsatsa su fara cin ƙarfen da suke zagayawa a kai. Daga nan hannu ya samu wasa, taya ta kwanta, kuma in ka shiga kwana ba inda aka saita ta take kallo ba, inda nauyi ya tura ta can za ta kalla. Shi ya sa mai alaimen ya ci kuɗinka a banza, bayan 206 ba shi da wurin saiti, ba wani noti da za a murɗa.

Ka ɗaga ta a jak ka saki hambirki, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, wani ya leƙa ya ga ko hannun gaba ɗaya ne yake motsi ko wili kaɗai. Sannan ka zura hannu ka shafa bodin da ke bayan tayar ta ciki, in ka ji wurin ya yi sumul fenti ya goge to taya ta fara gugar bodi, wannan kam kar ka hau hanyar Bauchi da ita.

Injiniya Yelwa:

Baba ya gama magana kan ciwon motar, ni bari in taɓa ɗaya tambayar, don ko an sa sabon bim abin da ka ji in ka ɗaga ƙafa ba zai ɓace gaba ɗaya ba, raguwa zai yi sosai.

Ƙaramar mota mai jan gaba inji da giyabos duk a gaba suke, kusan kashi 60 na nauyinta yana kan tayoyin gaba, baya kashi 40 ko ƙasa da haka. Taya kuma gwargwadon nauyin da ke danne ta take kama ƙasa. Kana cikin kwana ka saki totur farat ɗaya, inji ya riƙe tayoyin gaba, nauyi ya ƙara zubowa gaba, bayan da dama ba shi da nauyi ya ƙara yin sakayau, gaba ya kama kwana da kyau baya ya saki. Shikenan abin da ya faru da kai. 205 GTI ta yi suna a Turai da wannan halin, 306 ma haka, ita har an yi bushin ɗin bayanta yadda tayoyin za su ɗan karkata da kansu a kwana.

Amma wannan zamewa ce, dirif wani abu ne daban. Mai dirif bayan ya sa baya ya zame yana ci gaba da ba ta wuta, tayoyin baya suna juyawa fiye da gudun motar, da totur yake riƙe ta a karkace tun shiga kwana har fita. Sai mota mai jan baya. A Japan aka fara abin a kan hanyoyin duwatsu, Keiichi Tsuchiya da ya yi fice a kai da Toyota Corolla AE86 ya yi suna, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1987, kuma jan baya ce, ba irin Corolla ɗin da muke hawa yanzu ba. A nan gida 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna jan baya ne, Mercedes 190 da tsofaffin BMW ma haka. A irin motarka kuwa in baya ya tafi ka taka totur, tayoyin gaba za su ja ta su miƙar da ita, zamewar ta ƙare. To ka ga abin da yake tsawaita dirif a waccan shi yake kashe shi a wannan. Abokinka da hambirki kulle tayoyin baya kawai yake yi, motar ta juya tana rage gudu har ta tsaya.

Ba wai jan gaba ba ta iya tafiya a karkace a hannun gwani ba fa. Mini mai jan gaba ta ci gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, direbobin irin wannan tseren suna taka birki da ƙafar hagu dama na kan totur don baya ya juyo musu a kan ƙanƙara da tsakuwa. Amma su juya hancin mota suke yi na ɗan lokaci don su fita kwana da sauri, a hanyar da aka rufe musu.

Shawarar ƙara tauri a baya kuwa, ka gane duk ɓangaren da ya fi tauri shi yake ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa gefe a kwana, kuma shi yake fara saki. Masu tsere da jan gaba da gangan suke taurara baya don motar ta daina tafiya miƙe in an murɗa sitiyari. Kai da bayanka yake saki tun yanzu in ka ƙara masa tauri da iska me kake tsammani? Golf 3 ta abokinka ma bim ɗinta guda ɗaya ne mai murɗewa da ya haɗa tayoyin biyu, in ya shiga kwana da ƙarfi ka tsaya a waje ka kalla, tayar baya ta ciki ɗagawa take yi sama, a taya uku yake tafiya bai sani ba. Civic ta 1992 zuwa 2000 da 406 su kowace tayar baya cin gashin kanta take da hannuwa da yawa, shi ya sa suka fi zama daram in kwana ta haɗu da rami.

In ta ƙwace ma dai: kar ka dira kan birki, kar ka ja hambirki, idonka inda kake son zuwa sitiyari ya bi can, ka ɗan mayar da ƙafa kan totur a hankali, kuma ka shirya dawo da sitiyari da wuri don in tayar ta fita daga yashi ta kama kwalta fizga za ta yi zuwa ɗaya gefen, wannan ta biyun ita ta fi kifar da mutane. Gudun kuma tun kafin kwana ake rage shi.

Direban Golf Gombe-Biu:

Injiniya duk na yarda amma kun manta lodi. Mu da muke ɗaukar fasinja da buhuna a wagon muna ƙara sifirin mai ƙarfi a baya, wasu har roba suke cusawa tsakanin murɗin, in ba haka ba gindin motar ƙasa zai ja. Da lodi lafiya lau take tafiya kamar an manna ta. Ranar da ka dawo ba kowa kuwa wlh wata mota ce daban, bayan tsalle kawai yake yi, ka wuce Dadin Kowa ka samu kwana mai gargada ka ji tana ɗan matsawa gefe da kanta. To ɗan Tumfure ya duba ko wanda ya sayar mishi ya taɓa ɗaga bayan, don ana zare sandunan 206 a mayar da su a wani haƙori don ta ƙara tsayi. Amma batun taya ni kam sabuwa gaba nake sawa, nan ne inji nan ne sitiyari nan ne birki, tsohuwa ta koma baya, haka muka taso muka gani a tasha.

Injiniya Yelwa:

Oga direba a nan kam mun raba hanya. Kamfanonin taya da kansu cewa suke in biyu kawai za ka saya ka sa su a baya, ko da motar jan gaba ce. In gaba ya zame kana ji a sitiyari, ka rage wuta ta dawo hanya, kowane direba yana iya wannan ba tare da an koya mishi ba. In baya ya zame a ruwa kafin ka ankara ka juyo kana kallon inda ka fito. Na san dalilinku, gaba ta fi ci kuma fashewar tayar gaba da gudu abin tsoro ne, amma maganin wannan kar a bar ko ɗaya ta zama gwanjon da ya gama aiki. Ku duba lamba huɗu da ke gefen taya bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Taya tana iya zama da zane mai kyau robar ta bushe ta yi tauri, a busasshiyar kwalta ba ka gane komai sai an yi yayyafi. Iska kuma akwai sitika a jikin ƙofa, yawancin ƙananan motocin nan tsakanin 30 ne da 35, mai faci in ba ka tsaya a kansa ba 45 zai ɗura ma ya ce ta fi gudu.

Maman Biyu:

Ni ban san bim ba ban san boris ba, amma don Allah ƙannena masu wasan mota in an ɗaura aure ku ji tsoron Allah. Layi cike da yara da 'yan acaba mutum ya zo ya ja birkin hannu ƙura ta tashi ana ihu ana tafi. Wanda yake son koya ya nemi fili can bayan gari inda ba kowa, ya fasa tayarsa shi kaɗai.

Ɗan Tumfure:

Hajiya ni ba na cikinsu wlh, aiki nake zuwa da ita. Na gode kwarai Baba da Injiniya. Na duba yadda aka ce, ta hagu ta kwanta sosai har ta goge fenti ta ciki, ta dama kaɗan, tayoyin bayan kuma ɗaya 2014 ɗaya 2017 kuma ba kamfani ɗaya ba. Wani a gareji ya ce zai buga mini bushin na ƙarfe a wurin boris ɗin ya ɗan taɓa da walda, wai ya fi araha nesa ba kusa ba kuma ba zai sake lalacewa ba. Baba me ka gani?

Baba Makanike:

Kar ka yarda wuta ta taɓa wurin nan ɗana. Hannun dole ya riƙa juyawa sama da ƙasa, in aka ƙame shi shokazoba da sandunan sun zama ado, duk dukan rami bodi zai sha, kuma zafin walda yana kashe ƙarfin sandar in ya kai gare ta. Hanya biyu ce. Ko a kwance bim ɗin a cire ƙarfen da boris ya cinye a matsa sabo da injin matsi, a sa sabbin boris da sil ɓangare biyun duka a cika giris, ko ka sayi cikakken bim ɗan Beljiyam. In na biyun za ka yi kar ka saya a waya, ka je da makanikenka, ku tabbatar irin na motarka ne don akwai mai birkin ganga akwai mai faranti, akwai mai wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai marar ita, ku ɗaga kowane hannu ku ji ko yana kartawa, ku duba sil ko ya zubo jar tsatsa. Da yawa daga waɗanda ake kawowa su ma saura kaɗan ne. In an ɗaura a auna tsayin hagu da dama daga ƙasa su zo daidai, a canja shokazoba biyun tare, sannan ka sayi tayoyinka. Kafin nan kar ka ɗauki mutum uku a baya.