Ina ake samun kayan miya sabbi da araha a Kano?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Cefanen kayan miya ya fara fin ƙarfina, kashin tumatir a tebur ba ya isa miyar yini ɗaya. Na ji ana cewa akwai kantunan da ke karɓo kaya kai tsaye daga hannun masu lambu su sayar da sauƙi. Akwai wadda ta gwada?

Anti Bilki: Wa'alaikumus salam. Akwai wani ƙaramin kanti a wajenmu, Hotoro, da masu lambu ke kawo masa kaya. A leda suke ƙullawa da kuɗin a jiki, babu ciniki. Tumatirin ƙanana ne, wasu a karkace, amma lafiya lau suke. Ki tambayi ranar da kaya ke sauka, ki je da safe.

Baba Ɗan Kura: 'Yata, ni manomin rani ne, da ruwan dam ɗin Tiga muke ban ruwa a yankin Kadawa, bari in faɗa miki inda kuɗinki ke tafiya. Kwando ɗaya kafin ya iso teburin unguwarku sai ya bi ta hannun dillali, ya biya kuɗin mota, ya biya 'yan dako, sannan ɗan sari ya ɗora ribarsa. Ga asarar hanya: idan aka jibga kwanduna kan juna, na ƙasa matsewa yake yi ya zama ruwa, kuma kuɗin wanda ya lalace a kanki ake fanshewa. Mu da muka sayi taki da fetur ɗin injin ban ruwa, mu ne masu ƙaramin kaso. Shi ya sa nake son mai kantin da zai zo gona da akwatunan roba, mu yi tsada, ya biya nan take. Ƙananan da dillali ke rainawa shi zai ɗauka, ni na huta, ke kin samu sauƙi. Sharaɗi dai kada ya ce sai ya sayar zai biya, tumatir ba ya jiran bashi.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Baba. To wanda babu irin wannan kanti a kusa da shi fa?

Yaya Hadiza: Ku haɗa kuɗi da maƙwabta. Mu haka muke yi, mutum ɗaya ya tafi kasuwar 'Yankaba bayan asuba ya sayo kwandon tumatir da attaruhu da tattasai, a raba a tsakar gida. Lokacin kakar tumatir kuwa, daga Janairu zuwa Maris, kasuwar Kwanar Gafan da ke hanyar Zariya ta fi araha. Nan ne ake cika gida, a yanka a shanya, ko a markaɗa a dafe shi ya kafe.

Baba Ɗan Kura: Gaskiyar Hadiza. Da zafi ya shigo kaya ke yankewa, ga tsutsar nan da muke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016. Wanda bai tanada ba, daga Mayu zai ji a jikinsa.

Malama Zulai: Ni ganye ne damuwata. Wasu lambunan gefen kogin Jakara da ruwan kwatar gari ake shayar da su. Latas da kabeji da lansir ɗanye ake ci, don haka ku riƙa tambayar daga ina aka kawo, a kanti ne ko a kasuwa. A wanke sosai da ruwa mai tsabta, a jiƙa da gishiri, a sake ɗaurayewa.

Abban Sadik: Karas da kabeji da dankalin turawa, idan kuna da mai zuwa Jos ku ba shi sautu daga kasuwar Farin Gada. Suna jure ajiya.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Yaya Hadiza, mu uku ne a layinmu muka shirya. Idan za ku 'Yankaba ranar Asabar a saka da mu, zan turo kuɗin rabin kwando.

Yaya Hadiza: Babu damuwa, ki turo kafin daren Juma'a, ki aiko yaro da bokiti.